Trifon Mai Juya Jeri

Ranar bikin yankan rassan inabi ta waccan shekarar ba a yi sanyin da aka saba yi a tsakiyar Fabrairu ba. Tun da safe wata iska mai ɗumi ta taso daga kudu, ƙanƙarar da ke kan rufin cibiyarmu ta fara narkewa tana ɗiga a wuyan duk wanda ya shigo ta babbar ƙofa. Titi ya koma taɓo. Kogin Dunav kuwa, in ka leƙa ta tagar sama, ya yi launin shayi da madara, yana tafe da rassa da ledoji, kuma yana ta hawa. Na riƙe ranar ne domin ita ce ranar sunan Trifon Belchev, wato ranar waliyyin da ya ci sunansa, a ranar kuma aka gano abin da ya yi shekaru yana yi a ɗakin ƙasa.

Ni ne mai kula da tukunyar ɗumama ginin da famfunan da ke sanyaya injinan lissafi. Ɗakina da nasa bango ɗaya ya raba. Ban yi nisa a karatu ba, don haka duk abin da zan faɗa game da injinan nan daga bakinsa na ji, yana faɗa yana cin banitsa, burodinmu mai cuku a ciki, a kan tsohuwar jarida.

A wani ƙauyen masu inabi aka haife shi, can bayan tuddai. Da ya shiga soja sai aka lura ba ya iya harbi, ba ya iya gudu, amma ba ya taɓa kuskuren wanda ya kamata a fara gaisarwa. Aka ajiye shi a ɗakin haɗa waya. In kanar da manjo suka ɗaga waya lokaci ɗaya, ya san wanda zai haɗa, ya kuma san abin da zai gaya wa ɗayan har ya yi godiya. Wannan ne ilimin da ya zo da shi cibiyarmu, kuma ni dai ban ga ya ƙara wani mai yawa a kansa ba. Ya koyi injinan, ban ce bai koya ba. Amma ya koye su ne kamar yadda mutum ke koyon halin surukai.

Aikin cibiyar shi ne lissafin ruwan kogi, yaushe zai hau, ina zai shiga. Lissafin ya fi ƙarfin inji ɗaya, sai aka jera su da yawa a cikin akwatunan ƙarfe suna aikin gayya. A raba kogin gunduwa-gunduwa, kowane inji ya ɗauki tasa, in ya gama ya miƙa wa na kusa da shi ruwan. Trifon ne mai tsaron su. Yana sa rigar ulu ko da bazara, yana shanya barkono a bayan akwatunan inda iska mai zafi ke fita, kwalaben giyarsa kuma suna gaba inda sanyi yake.

Wata rana na tambaye shi me ya sa malaman sama suke yawan saukowa suna masa ihu.

Ya ce, "Gancho, zauna. Malami in ya rubuta lissafinsa, inji ba ya jin yarensa. Sai an kira tafinta, wata manhaja ce, ta juya masa. In an juya, sai a kira sarkin gayya, wata manhajar, ya ba kowane inji lamba, ya ce kai ne na ɗaya, kai ne na biyu, ga rabonka. Ka gane?"

Na ce na gane.

"To Farfesa Kalchev yana da tafintansa da sarkin gayyarsa, daga waje ya zo da su, an ba shi a wani taro tare da jaka. Farfesa Mancheva ita ma tana da nata, na kyauta, ta ce sun fi nasa. Sunan manhajojin nasu kuma ɗaya. In ka kira sunan, inji yana da jerin hanyoyi da yake bi daga sama zuwa ƙasa. Ƙofar da ya fara ƙwanƙwasawa aka amsa, nan ya tsaya. Ba ya duba ta biyu."

"Kuma in ya ɗauko na wani?"

"Tafintan wannan da sarkin gayyar wancan ba sa ga maciji. Aiki ya lalace."

"To a yi jeri biyu mana."

Ya dube ni kamar na ce a sayar da coci. Ya ce, "Gida ɗaya, jeri ɗaya. Ci banitsarka."

Daga baya na fahimci yadda yake yi. Kalchev dattijo ne mai sammako, kafin abincin rana ya gama komai ya tafi gida ya kwanta. Mancheva tana koyarwa da safe, sai bayan ta ci abinci take sakin aikinta. Saboda haka da safe Trifon yana sa hanyar Kalchev a saman jeri. Da an ji ƙarar cokula a ɗakin cin abinci na sama, sai ya ajiye abin da yake ci, ya goge yatsu a rigar ulu, ya sauko da Kalchev ya hau da Mancheva. Kafin ya tashi aiki ya mayar. Kowannensu in ya buɗe jerin a lokacinsa, kansa yake gani a gaba, ɗayan yana ƙarƙashinsa, sai ya ji daɗi ya rufe.

Ba wanda ya sani sai ni, ni ma don bangon ba shi da kauri ne. Abin da kowa ya sani shi ne in Trifon ya yi mura, aikin rana ba ya tafiya. In ya je jana'iza, ba ya tafiya. Ya daina ɗaukar hutu. Sau biyu aka rage ma'aikata, aka sallami masu digiri, aka sallami matar laburare, ba a taɓa shi ba. Kalchev yana cewa a taro, "Yaron nan hannunsa na da albarka." Yaron a lokacin gashinsa ya fara fari. Mancheva tana cewa, "Shi kaɗai ne a ginin nan ya san wanda ke aiki na gaske." Shi kuma yana sunkuyar da kai ga kowa daidai gwargwado.

Na taɓa ce masa, "Trifon, wata rana za ka makara."

Ya ce, "Ranar da ba na nan su ji a jikinsu, ai wannan ne aikin. In komai na tafiya ba ni, kujerar nan ta wa za ta zama?"

Kujerar ma ba wata kujera ba ce, ƙafarta ɗaya da waya aka ɗaure. Amma ita ce.

To a ranar da nake magana, ya zo da kwalin cakulan kamar yadda mai ranar suna ke yi, ya bi ofis-ofis yana miƙawa ana masa fatan tsawon rai. Ya fara da Kalchev domin safiya ce. Sannan ya leƙo ɗakina da almakashin yankan inabi a aljihu.

"Zan je gona in yanka rassa uku, in zuba wa saiwa giya, in dawo kafin su gama miya."

Na ce, "Hanyar taɓo ce."

"Motata ta san taɓo."

Motar ta kai shi. Abin da bai shirya masa ba shi ne mutanen ƙauyen. Kowace shekara suna zaɓen sarkin inabi, a ɗora masa kambin rassa, a ɗauke shi a keken doki a zaga gida-gida ana ba shi giya yana sa wa gonaki albarka. Wanda suka saba zaɓa ya rasu da kaka, masu son gadonsa biyu kuma suka kasa daidaitawa, sai wani ya ce a ba Trifon, ba ya ɓata wa kowa. Mutumin da tun yana soja yake sa wasu a gaba, ranar aka sa shi. Wanda ya gani ya ce da aka ɗora masa kambin har ya buɗe baki zai ce yana da aiki a gari, sai aka miƙo masa kofi.

A cibiya kuwa, ofishin magajin gari ya bugo waya. Ruwa na hawa, suna son sanin ko zai shiga unguwar masunta, su kwashe mutane ko su bar su. Mancheva ta ce kafin yamma za su ji. Lissafinta a shirye yake, tafintanta ya riga ya juya shi tun jiya. Ta ci abinci, ta zauna, ta kira sarkin gayya da sunansa. Inji ya bi jeri daga sama, ya ƙwanƙwasa ƙofar farko, na Kalchev ya amsa.

Ina ɗakina na ji injinan sun ɗauki kuka gaba ɗaya, famfunana suka shiga aiki, na ce yau ana lissafi da gaske. Ashe sarkin gayyar Kalchev yana ta rabon lamba da yaren da lissafin Mancheva ba ya ji. Kowane inji ya saurara, bai ji an ba shi lamba ba, sai ya yanke wa kansa hukunci. Ralitsa ce ta nuna mini allon daga baya, matashiyar da ke digirinta na uku a ƙarƙashin Mancheva. Layi bayan layi, daga sama har ƙasa, kowane inji ya rubuta abu ɗaya: ni ne na ɗaya, ni kaɗai ne. Dukkansu suka kama gunduwar farko ta kogin, can sama inda ba kowa sai kwaɗi, kowa ya lissafa ta, kowa ya rubuta amsarsa a kan ta ɗan'uwansa. Ba wanda ya miƙa wa wani ruwa. A lissafin ranar, Dunav bai ma iso garinmu ba.

Na ce wa Ralitsa, "'Yata, wannan ai taron majalisar malamai ne."

Ba ta yi dariya ba, tana da aiki.

Mancheva ta buɗe jeri ta ga Kalchev a samanta da rana tsaka. Ta sa aka taso shi daga barci. Ya zo da rigar barci a ƙarƙashin kwat, suka tsaya a bakin matakala inda murya ke sauka har ɗakina.

Ta ce, "Abokin aiki, na san ba ka da sakamako bana, amma ban zaci za ka shiga nawa da dare ka hau ba."

Ya ce, "Wane hawa, madam? Nan nake tun kafin ki gama makaranta. Kullum na buɗe, ni ne a sama."

"Kullum na buɗe, ni ce a sama."

"To ɗayanmu yana buƙatar tabarau."

"Ɗayanmu yana buƙatar fansho."

Suna haka Ralitsa ta sauko ta zauna a kujerar Trifon, ta kawar da barkonon, ta tambayi injin tarihin jerin. Inji ba ya rufa wa kowa asiri. Ya zubo mata shekaru, safe da rana, safe da rana, hannu ɗaya.

Rana ta yi sanyi sannan Trifon ya shigo, taɓo har gwiwa, ganyen inabi busasshe a maƙale a kunnensa, yana ƙamshin gidajen ƙauye duka. Ya tarar da mu huɗu a ɗakinsa. Ya dubi Kalchev, ya dubi Mancheva, a karo na farko a rayuwarsa bai san wanda zai fara gaisarwa ba, sai ya gaishe ni.

Ralitsa ta ce, "Kawu Trifon, wa ke juya jerin nan kullum?"

Ya ce, "Injinan nan sun tsufa, 'yata. Suna da halinsu."

"Da sunanka suke shiga?"

"Sun saba da ni."

Mancheva ta ce, "Wato da safe ina ƙarƙashin wannan mutumin."

Kalchev ya ce, "Wato ina barci ana sauke ni."

Ba wanda ya ambaci unguwar masunta. Ralitsa ce ta tuna, ta ce a ba ta wuri. Ta yi rubutu a madannai, bai kai lokacin da kofi ke tafasa ba. Ta ce daga yau kowa na da jerinsa. In Kalchev ya shiga, inji ya bi hanyarsa, tafintansa da sarkin gayyarsa. In Mancheva ta shiga, ya bi tata. Ko lokaci ɗaya suka shiga ba ruwan wani da wani. Ta ce haka ake yi ko'ina, an daɗe. Ta saki lissafin, injinan suka karɓi lambobinsu kamar yaran kirki, ruwa ya fara gangarowa daga inji zuwa inji. Amsar ta fito washegari, ta ce ruwa zai shiga ɗakunan ƙasa na unguwar masunta. Masuntan sun riga sun sani, suna ta kwarfa da bokiti.

Da suka hau sama Trifon ya shigo ɗakina ya zauna a kan bututu. Giyar ta sake shi.

Ya ce, "Gancho, a wurinku ba a neman mai zuba gawayi?"

Na ce, "Gas muke ƙonawa yanzu."

"Ko mai kallon gas ɗin."

"Ni ne."

Ya ciro ganyen daga kunnensa ya duba. Ya ce shekararsa ba ta kai fansho ba, kuma ba ta bar shi ya koyi wani abu ba. Ya ce yarinyar nan ko mugunta ba ta yi masa ba, abin da ya fi masa ciwo ke nan. Na ba shi shayi. Ban ce na gaya maka ba, domin yana gani a fuskata.

Aka kira taro a mako na gaba. An sa ni in duba bututun ɗumin ɗakin taron, ni kuwa bututu ba na duba shi da gaggawa. Kowa ya zo yana ganin za a sallami Trifon. Shi ma ya zo da kwat ɗin da ya yi aure da ita, ba ta rufuwa. Ralitsa ta tashi ta yi bayanin sabon tsarin, a taƙaice, ta zauna.

Kalchev ya gyara murya ya ce, "Madalla. Amma a jerin gidan, wa ke gaba?"

Ta ce, "Babu jerin gida kuma, Farfesa. Kowa shi ne a gaba a nasa."

"A gaban wa?"

"Ba kowa. Kai kaɗai ne a ciki."

Ya ce, "Ni ban yi shekara arba'in a kan kogin nan don in zama na ɗaya a ɗakin da ba kowa ba."

Na ɗauka Mancheva za ta cije shi. Sai ta ce, "A nan abokin aikina yana da gaskiya. Cibiya ba ta zama ba tsari. Baƙo in ya zo daga ma'aikatar gwamnati ya buɗe, me zai gani?"

Ralitsa ta ce, "Amma inji ba ya karanta wancan jerin yanzu."

Mancheva ta ce, "Ba don inji muke magana ba, Ralitsa."

Tun da nake ginin ban taɓa ganin mutanen nan biyu sun ɗaga hannu tare ba sai ranar. Aka yanke cewa sabon tsarin ya zauna, tunda yana aiki. Tsohon jerin shi ma ya zauna, a sa shi a allon da ke bakin ƙofar shiga inda kowa zai gani. Da safe Kalchev a sama, bayan abinci Mancheva. Sai Kalchev ya ce yinin bayan abinci ya fi na safe tsawo, Mancheva ta ce baƙi da safe suke zuwa. Suka yi ta ja har bututuna ya huce ya sake ɗumi. A ƙarshe aka ce abu mai laushi irin wannan ba a barin sa a hannun inji, yana son mutum mai hankali da ya san darajar manya. Duk suka juya suka dubi kwat ɗin da ba ta rufuwa.

Aka ba shi muƙamin jami'in daidaita hanyoyi. Har da ƙaramin allo a ƙofarsa.

Ya yi murna kamar wata guda. Ya sayi sabuwar rigar ulu. Amma malamai suka daina saukowa, ba ihu, ba roƙo, ba mai cewa hannunsa na da albarka. Ya yi mura, aiki ya tafi. Ya ɗauki hutun da ya tara, ya dawo ya tarar ba wanda ya lura sai mai shara, ita ma don barkonon ya ƙone ne.

Wata rana da bazara ya leƙo ya ce, "Gancho, ka san abin da na yi jiya? Na goge hanyoyin duka. Na bar sunayensu kawai, Kalchev, Mancheva. Hanyar da ba ta zuwa ko'ina."

"Me ya faru?"

"Kalchev ya tsaya a bakin ƙofa ya ce allon ya fi kyau haka, ya fi sauƙin karantawa."

Na ce, "To ai ka huta."

Ya ce, "Da can ƙarya nake yi musu, amma injinan na jirana. Yanzu gaskiya nake yi, ba mai jirana."

Na miƙa masa rabin banitsata. Ya ci.

Ralitsa ta gama digirinta ta tafi Jamus, na ji tana tsaron injinan da suka fi namu yawa nesa ba kusa ba. Kafin ta tafi ta sauko ta yi masa sallama, ta ce ya yafe mata. Ya ce ba komai, ya ba ta kwalbar giya daga gaban akwatunan, ba daga mai kyau ba. Kalchev ya yi ritaya amma bai ba da ofishinsa ba, yana zuwa da safe ya duba allo ya koma. Mutanen ƙauye ba su sake zaɓen Trifon sarki ba, masu rigimar sun shirya.

Ni na bar aiki bara, gwiwoyina sun ƙi matakala. Trifon Belchev yana nan a ɗakin ƙasa na cibiyar, a kan kujerarsa, saura shekara biyu ya kai fansho. Da safe Kalchev ne a sama, bayan abinci Mancheva.